Kwana Shida a Ƙasar Ibo, Har da Litinin Guda

Shekara goma sha ɗaya ina sayen kayan gyaran babura a hannun mutum ɗaya a Sabon Garin Kano, ban taɓa ganin garinsu ba. Mutumin Nnewi ne a jihar Anambra, amma a Kano ya yi wayo. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka kawo shi wurin wani ɗan garinsu, ya yi masa yaron shago shekara bakwai, aka sallame shi da jari, irin tsarin nan nasu da suke kira igba boi. Hausa kuwa yana jin ta kamar jakin Kano. Ni ina ce masa Oga, shi yana ce mini Alhaji. Ya zo sunan 'ya'yana biyu, ya zo gaisuwar mahaifina ya zauna kan tabarma har la'asar. Don haka da ya ce mini a watan Nuwamban 2024 zai je gida bikin tarewar mahaifiyarsa a sabon gidan da ya gina mata, kuma yana so in raka shi in ga kasuwar da kayanmu ke fitowa, kunya ta hana ni cewa a'a, tsoro kuma ya hana ni cewa to.

Tsoron nan ba daga iska ya faɗo ba. Kowa a Arewa ya ji yadda aka harbe ɗan siyasar nan na Adamawa, Ahmed Gulak, a Owerri ranar 30 ga Mayun 2021 yana kan hanyar filin jirgi. Kowa ya ji labarin matar nan 'yar Arewa mai juna biyu da aka kashe tare da 'ya'yanta huɗu a jihar Anambra a watan Mayun 2022. Direbobin manyan motoci da ke kai shanu da albasa da tumatir sun sha dawowa da labarin an tare su, an ƙona mota. Da na faɗa wa Hajiyata zancen tafiyar, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kai da ke da iyali, me ka ajiye a can?"

Abin da ya sa na yarda shi ne Oga bai ce mini ƙarya ake yi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, matsala akwai ta, kuma mu 'yan can ta fi ci. Amma tana da ranarta, tana da lokacinta, tana da wurarenta. Ba za mu yi tafiyar dare ba, ba za mu taka titi ran Litinin ba, kuma ba za ka fita ko'ina ba sai na sani. In ka riƙe wannan, da yardar Allah lafiya za ka dawo wa Hajiya." Ya je da kansa ya gaishe ta, ya durƙusa ya maimaita mata haka. Ta yi mana addu'a, ta kawo ƙullin kuka da daddawa da kilishi ta ce a kai wa mahaifiyarsa.

Daga titin New Road a Sabon Gari manyan bas-bas na tashi kullum da yamma zuwa Onitsha da Aba da Owerri, su kwana suna gudu. Sun fi araha, kuma suna ɗaukar kaya, shi ya sa 'yan kasuwa ke son su. Mu ba mu bi su ba. Ran Talata muka yi sammako zuwa Abuja muka kwana, Laraba ƙarfe shida na safe muna cikin ƙaramar bas ta kamfani, irin wadda ake rubuta sunan kowane fasinja da lambar wani nasa kafin a tashi. Wannan ƙaramin abu ne, amma ni ya kwantar mini da hankali. Motar da ka tara a bakin titi babu wanda ya san ka shige ta. Mai hali kuma yana iya hawa jirgi daga Abuja ya sauka a Enugu ko Owerri ko Asaba, ko sabon filin jirgin Anambra da ke Umueri, ya huta da duk abin da zan faɗa game da hanya.

Mun tsallake kogin Kwara kafin Lokoja, muka wuce ta Ajaokuta inda kamfanin ƙarafan nan ke tsaye shiru, muka sake tsallake kogin a gadar Itobe, sai Anyigba, sai Otukpa. Tun daga nan ƙasa ta fara canza launi, ta koma ja jawur, itatuwan kwakwar manja da na yazawa suka rufe gefen hanya. Shingayen jami'an tsaro kuwa, na fara ƙirgawa har na bari. Sojoji, 'yan sanda, kwastan, masu kiyaye haɗura. Sau biyu aka ce kowa ya nuna katin shaida, don haka kada mutum ya kuskura ya baro katinsa na ɗan ƙasa a gida. Direba ya gargaɗe mu tun a tasha cewa in an zo shinge a sauke waya daga kunne, kada kowa ya ɗaga ta kamar mai ɗaukar hoto. A wani shingen wani soja ya leƙo ta taga, ya ga hulata, ya ce, "Malam, daga ina?" Na ce Kano. Ya ce, "Ina a Kano?" Na ce Gwammaja. Ya yi murmushi ya ce shi ɗan Gaya ne, wata tara rabonsa da gida. Na miƙa masa ɗan kilishi daga nawa guzurin, ya karɓa da hannu biyu.

Maganar hula ta sa na tuna. Kafin mu taso wasu sun ba ni shawara in sa ƙananan kaya don kada a gane ni. Na tambayi Oga, ya ce ko buhu na sa za a gane ni da zarar na buɗe baki, kuma a manyan garuruwansu mai kaftani da hula ba baƙon gani ba ne. Da kayana na saba na yi tafiyar duka, sai dai na bar babbar riga da agogo mai ƙyalli a gida.

Garin Ibo na farko da muka tsaya shi ne Obollo-Afor, a jihar Enugu. Mahaɗar hanyoyi ce, manyan motocin Arewa na yada zango a nan, ga doya tsibi-tsibi, ga ayaba, ga jarkokin manja, ga Hausa tana tashi ta ko'ina kamar kana Mararraba. Na yi alwala a wani ɗan masallacin direbobi na haɗa azahar da la'asar. A nan Oga ya fara yi mini karatu. Ya ce makon Ibo na gargajiya kwana huɗu ne, Eke, Orie, Afo, Nkwo, kuma kowace kasuwa da ranarta, shi ya sa za ka ji sunan gari ko kasuwa ɗauke da ɗaya daga cikinsu. Obollo-Afor ke nan, kasuwar ranar Afo. Ya kuma ce a wannan yankin na Nsukka, a garuruwa irin su Ibagwa da Enugu-Ezike, akwai Ibo Musulmi tun kaka da kakanni, haka ma can Afikpo a jihar Ebonyi. Ban taɓa sanin haka ba.

Da muka iso Ninth Mile, mahaɗar da ke mil tara kafin Enugu, mata suka yanyame motar da robobi a ka suna kiran "okpa di oku", wato okpa mai zafi. Oga ya sayi guda huɗu. An naɗe shi a ganyen ayaba, ka buɗe ka ga abu rawaya mai tururi kamar alala, amma ya fi alala tauri da riƙe ciki. Garin gurjiya ne, gurjiyarmu ta kuriga, da manja da barkono da gishiri, babu nama babu komai da Musulmi zai yi ɗar da shi. Guda biyu na ci da ruwa, ban sake neman abinci ba sai washegari. Duk wanda zai bi hanyar nan, ga abincin matafiyi. Daga nan titi ya gangara ta Ugwu Onyeama, gangare mai tsawo da ya yi ƙaurin suna wajen haɗarin tireloli da tankoki in birki ya ƙwace. Direbanmu ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da wata tanka, wani fasinja na yi masa tsiya yana cewa ya wuce ta, bai kula shi ba. Na ji daɗin wannan direba. Rana ba ta faɗi ba muka shiga gari.

Enugu ta ba ni mamaki da natsuwarta. Gari ne a gindin tsaunuka, sunan ma daga "kan tudu" ya samo asali, tituna masu faɗi, itatuwa ko'ina. Mun sauka a wani matsakaicin otal a unguwar New Haven. Kafin Oga ya biya sai da ya tambayi ƙarfe nawa ake kunna janareta da ƙarfe nawa ake kashewa, ya hau ya duba ɗakin, ya murɗa famfo, ya gwada sakatar ƙofa. Ni ma yanzu haka nake yi ko'ina na je. Sauro akwai shi, zafin kuma mai gumi ne ba irin namu busasshe ba, mutum ya riƙe kaya marasa nauyi da maganin sauro. A tsakiyar gari babu acaba, an hana, sai a daidaita sahu da suke kira keke, da ƙananan bas, da tasi da ake kira ta waya. Da dare tasin waya muka riƙa hawa, shi ma ba mu wuce ƙarfe tara a waje ba.

Kwal ne ya kafa garin. A 1909 Turawa suka gano shi, aka shimfiɗo layin dogo daga Fatakwal don kwasarsa, garin ya girma har ya zama hedikwatar Jihar Gabas. Oga ya nuna mini hanyar Iva Valley, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a watan Nuwamban 1949 saboda sun nemi haƙƙinsu. Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai a masallaci na ji shi. Ran Juma'a na je unguwar Hausawa salla, bayan an idar na zauna wurin wani mai shayi kusa da wani dattijo da na ji yana ciniki da wata mata cikin harshen Ibo ba gargada. Ashe a nan aka haife shi, mahaifinsa fatauci ya kawo shi daga ƙasar Haɗeja. Ya tambaye ni ko na san wane ne magajin garin Enugu na farko. Na ce a'a. Ya ce Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, ɗan jam'iyyar NCNC ta su Azikiwe, kuma Ibo ne suka zaɓe shi a shekarun 1950. Daga baya na bincika na tarar haka ne.

Na ce, "Baba, wace shawara za ka ba baƙo irina?" Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ɗana, duk garin da ka shiga a ƙasar nan, ka tambayi inda Hausawa suke, akwai su. A Owerri Ama Hausa ake cewa, a wani wurin Gariki. Ka gaida Sarkin Hausawa, ka faɗa masa inda ka sauka. Su suka san wace hanya ce ta yi zafi a makon nan. Da ɗan gari akan ci gari, kai kuwa 'yan gari biyu gare ka, ga namu ga abokinka." A unguwar na ci tuwon shinkafa da miyar taushe, na sayi tsire da ban yi shakkar yankansa ba. Wanda ke tsoron zai rasa abin ci a can, ya kwantar da hankalinsa. A gidajen abincinsu ma, in ka ce ba ka son nama sai kifi, za a zuba maka miyar shuwaka da suke kira onugbu, ko farar miyar nsala da tarwaɗa, ka ci da sakwara. Ka dai tambaya tun kafin a zuba, don akwai wuraren da ake sayar da naman alade.

A titi kowa "aboki" yake ce mini. Wani ya faɗa da fara'a, wani ya faɗa da wata irin murya da za ka ji ta taɓa ka. Da na yi wa Oga ƙorafi, sai ya dube ni ya ce, "To Alhaji, ni fa shekara talatin ana ce mini Inyamuri." Ana cewa kalmar daga "nye m mmiri" ta fito, wato "ba ni ruwa" a harshensu. Ya ce bai taɓa faɗa da kowa a kanta ba, amma bai taɓa jin daɗinta ba ko sau ɗaya. Ni kaina na sha faɗa a gabansa ban san tana yi masa ciwo ba. Tun daga ranar na cire ta daga bakina, na kuma hana yarana. Ya koya mini 'yan kalmomi da suka yi mini amfani ƙwarai: kedu, wato yaya, biko, don Allah, daalu, na gode, ego ole, nawa ne. Wata mai sayar da lemo a kasuwar Ogbete da na ce wa daalu ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji, ta ƙara mini lemo biyu gyara.

Asabar da safe muka kama hanyar Onitsha, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Mun wuce kasuwar shanu ta Ugwuoba da ta Amansea, inda za ka ga 'yan uwanmu da sanduna a kafaɗa kamar a Wudil, muka wuce Awka, babban birnin Anambra, garin da ya yi suna da maƙera tun da can. Sai Onitsha. Ban taɓa ganin cunkoso irin na Upper Iweka ba, ni da na tashi a Kano. A nan abin tsoron ba bindiga ba ne, 'yan sane ne da 'yan tasha. Oga ya ce in mayar da jakata gaba, waya ta koma aljihun ƙirji, kada in tsaya ina waige-waige kamar mai neman hanya. Duk da haka, muna fitowa daga babbar kasuwa da wani kwali da na saya, wasu samari uku suka sha gabana suka ce sai na biya kuɗin kaya. Ɗaya har ya riƙe igiyar kwalin. Zuciyata ta hau, na buɗe baki zan yi magana, Oga ya dafa ni. Ya yi musu magana da harshensu a hankali, ya faɗi sunan unguwarsu a Nnewi da layin da ƙaninsa ke da shago, ya ce ni baƙonsa ne. Suka saki, ɗaya ma ya ce "sorry, Alhaji". Da ni kaɗai ne da ban san inda za ta tsaya ba. Shawarata, in ka sayi kaya a Onitsha, bar mai shagon ya haɗa ka da yaronsa ya kai maka tasha, ka biya ta tiransifa, kada ka yawo da damin kuɗi.

Daga bakin kasuwa ana hango tsohuwar gadar ƙarfe ta 1965 da ta haɗa Onitsha da Asaba. A garin kuma kabarin Nnamdi Azikiwe yake, wanda aka haifa a Zungeru a 1904. A Zungerun nan dai aka haifi Odumegwu Ojukwu, jagoran Biyafara, a 1933, shi kuma ɗan Nnewi ne, kuma a Kano yake riƙe da bataliya ta biyar lokacin juyin mulkin Janairun 1966. Ina ta tunanin yadda zaren tarihinmu da nasu ya sarƙe har muka shiga Nnewi da la'asar. Garin unguwanni huɗu ne manya, Otolo, Uruagu, Umudim da Nnewichi, sarkinsu Igwe Kenneth Orizu na Uku yana kan karaga tun 1963. Mun samu kasuwar Nkwo ba ta tashi ba. Layi bayan layi na fistin da ringi da sarƙa da kabireta, duk abin da na shekara goma sha ɗaya ina sayarwa, ga shi a gidansa. A garin ne kuma kamfanin Innoson ke haɗa motoci.

Mahaifiyar Oga tana zaune a barandar sabon gidan muka iso. Na durƙusa na ce, "Mama, ndewo." Sai na ji ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana, yaya hanya? Yaya ka baro Hajiya?" da wata tsohuwar Hausa mai daɗi irin ta Zazzau. Da na miƙa mata ƙullin, ta kwance, ta kai daddawar hancinta ta rufe ido, ta daɗe a haka. A Zariya aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Tana da shekara goma sha biyu a 1966 suka gudo a cikin tarago, da kayan jikinsu kawai. Yaƙin basasa ya zo, ƙanenta biyu yunwa ta kashe su, cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja. Ta faɗa mini wannan tana tsince kuka a faranti, ba da ɗaga murya ba, ba da zargin kowa ba. Ban samu abin cewa ba sai "Allah ya ba da haƙuri, Mama." Ta ce amin. Sannan ta tambaye ni ko har yanzu ana yin fanke a Tudun Wada.

Lahadi bayan sun dawo coci aka yi taron. Kafin a ce komai sai da aka kawo goro a akushin katako. Nasu goron ba irin namu ba ne da ke rabuwa biyu, shi yana rabuwa uku, huɗu, har biyar, oji Igbo suke ce masa, namu kuma suna kiran sa gworo. A wurin baƙi namu ba ya shiga wannan akushi. Baffan Oga, wanda ya fi kowa shekaru, ya ɗaga akushin ya nuna, aka zagaya da shi hannu zuwa hannu bisa tsarin dangi har ya iso gabana. Oga ya raɗa mini cewa in taɓa da hannun dama in mayar, don goron sarki hannun sarki yake komawa. Dattijon ya ɗauki ɗaya ya yi doguwar addu'a da harshensu, don a cewarsu goro ba ya jin Turanci, jama'a na amsawa da "ise". Ya fasa, ya fito huɗu, wuri ya ɗauki sowa, wai huɗu alamar albarka ce, daidai da ranakun kasuwa huɗu. Aka ci da wani tunkuza mai yaji da gauta. Mu da muke cin goro safe da yamma ban taɓa ganin an girmama shi haka ba. Daga nan dattijon ya ce baƙon da ya zo daga Kano shi ma ya yi addu'a irin tasa. Na ɗaga hannu na roƙa wa gidan zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Mama ce ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

Da aka kawo bammi na ce ba na sha, babu wanda ya matsa, aka kawo mini lemon kwalba. Akuyar bikin kuwa tun da safe Oga ya kira ni bayan gida ya miƙo mini wuƙa. Ya ce Mama ce ta ce ni zan yanka, don kada baƙonta ya zauna yana kallon mutane suna cin nama. An ware mini tukunya daban, an share mini ɗaki guda an shimfiɗa sabuwar tabarma, ƙanwarsa ta tambaye ni ina ne gabas ɗinku, na duba waya na nuna mata, ta gyara shimfiɗar.

Da yammacin ranar na ga kowa na sayen burodi, ruwa, man janareta, katin waya, masu POS layi ya yi tsawo. Gobe Litinin. Abin ya faro ne ranar 9 ga Agustan 2021, lokacin da ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa ƙasar Biyafara ta ce kowa ya zauna a gida duk Litinin har sai an saki shugabanta Nnamdi Kanu, wanda aka kamo aka dawo da shi Najeriya a watan Yunin shekarar. Ƙungiyar ta ce ta janye umarnin ba da jimawa ba, amma wasu masu bindiga suka ci gaba da tilasta shi, suna ƙona motoci da shaguna, suna kashe wanda suka samu a hanya. Gwamnoni sun yi ta cewa a fito. A cikin birnin Enugu an ce mini yawanci an koma harka, amma a Onitsha da Nnewi, a lokacin da na je, kasuwa ba ta buɗewa.

Na tashi da asuba na yi salla, na fito baranda. Garin da jiya ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar babura ya yi tsit, har kukan tsuntsaye kake ji daga nesa. Titin gaban gidan babu mota ko ɗaya. Can wajen hantsi yara suka fito da ƙwallo suka kafa duwatsu a tsakiyar kwalta. Maza suka taru a inuwa ana dara da hira. Ƙanin Oga ya zauna kusa da ni yana lissafi da yatsu: haya yana biya ta kwana bakwai, yaran shago yana ciyar da su kwana bakwai, Lahadi coci, Litinin zaman gida, ciniki ya koma kwana biyar, 'ya'yansa kuma makaranta kwana huɗu. Ya ce akwai masu zama don suna tausaya wa Kanu, amma shi da yawancin abokansa tsoro ne ya zaunar da su. Na lura da ya zo wannan maganar sai da ya rage murya, a cikin gidansu.

Wani saurayi daga maƙwabta ya tambaye ni kai tsaye me mutanen Arewa ke cewa game da Biyafara. Na ce masa ni baƙo ne, na zo taya Mama murna, kuma ina yi wa kowa fatan adalci. Ya gyaɗa kai ya bar zancen. Ina ganin wannan shi ne daidai ga duk baƙo: ka saurara, kada ka ja musu a kan ciwon da ba ka san zurfinsa ba, musamman a tasha ko cikin mota. Oga ya ƙara mini da cewa ban da Litinin, mutum ya kiyayi 30 ga Mayu, ranar da suke tunawa da ayyana Biyafara a 1967, ya kuma riƙa sauraron labarai don wani lokacin akan sa dokar zaman gida ba zato. Ya lissafa mini wuraren da shi kansa, ɗan ƙasa, ba ya bi a lokacin sai dole: ƙauyukan da ke tsakanin Ihiala da Orsu da Orlu, da yankin Okigwe. Na so in wuce Aba in ga kasuwar Ariaria ta masu takalma, ya ce a bari sai wani zuwan, mu bi ta inda ya fi aminci. Ban yi gardama ba. Watan Disamba kuma, in ba biki aka gayyace ka ba, ka haƙura, don duk Ibon da ke duniya gida yake dawowa Kirsimeti, kuɗin mota ya ninka, otal ya cika, hanya ta cushe.

Talata da sassafe gari ya farka kamar ba shi ne na jiya ba. Oga zai ƙara mako, don haka ya kai ni tasha da kansa, ya yi magana da direba, ya karɓi lambarsa, ya ɗauki hoton lambar motar ya tura wa ƙanina a Kano. Mun hau sabuwar gadar kogin Kwara ta Obosi, wadda aka ƙaddamar a watan Mayun 2023, tsawonta kilomita 1.6, cikin 'yan mintuna muna Asaba, ga kogin shimfiɗe da jiragen kwale-kwale a cikin hazo. Daga nan Agbor, Uromi, Auchi, Okene, Lokoja. Bayan wata huɗu, a Maris ɗin 2025, aka kashe mafarautan nan 16 'yan Arewa a Uromi, na ji mutane a majalisa suna cewa ai ƙasar Ibo ce. Na ce musu a'a, na bi ta wurin da ƙafata, jihar Edo ce, mutanen Esan ne, ba Ibo ba. Zafin abin bai ragu ba, amma bai kamata a ɗora wa wani laifin wani ba, kuma a Sabon Gari akwai masu shaguna da irin wannan kuskuren kan iya jawo wa bala'i.

Oga ya kira ni sau biyar kafin in isa Abuja. Laraba da azahar na shiga gida da jarkar manja, da doya shida, da ƙullin oji da Mama ta ce a kai wa Hajiya. Hajiya ta fasa ɗaya ya rabu huɗu, ta juya shi a tafin hannunta tana kallo, na faɗa mata abin da huɗu ke nufi a can. Ta ɗanɗana ta ce yana da yauƙi, amma ta cinye. Sannan ta aiki jikarta kasuwar Rimi a auno kuka kwano biyu da daddawa da kuɓewa busasshiya, ta ce in kai New Road a ba motar da za ta tashi da yamma.